Yari Mai Ƙafa da Motar da Ta Kwanta a Ƙasa

A garejin da ke bayan Ƙofar Kaura akwai masu suna Yari har uku, saboda haka in ka je nema sai ka bambance. Akwai Yari mai fenti, akwai Yari ɗan kamasho, sannan ga Yari Mai Ƙafa, wanda labarinsa ne wannan. Ƙafar mota yake gyarawa, wato sifirin da shok da duk wani ƙarfen da ke riƙe da taya. Gajere ne, baƙi, gemunsa ya fi yin furfura ta gefe guda, shekarunsa sun doshi sittin. Abin da kowa ya san shi da shi kuwa, ba ya zama. A tsaye yake cin ɗanwakensa da safe, a tafe yake amsa gaisuwa, kuma matarsa Safiya takan ce tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin ya shanye kofin shayi a inda ya fara shan sa ba.

Yana da shekara goma sha huɗu ya baro ƙauyensu can gabas da Rimi, a saman buhunan gero cikin wata tsohuwar a-kori-kura. Kafin su iso birni sifirin ya karye. Fasinjoji suka watse neman inuwa, shi kuwa ya tsuguna yana kallon yadda direba ya sassaƙe reshen aduwa ya cusa, ya ɗaure da igiya, motar ta miƙe ta kawo su har tasha. Dako aka turo shi ya yi wajen wani kawunsa, amma sati bai zagayo ba ya gudu gareji wajen marigayi Malam Garba, bai kuwa sake fita ba.

Abu biyu ya gada wajen Garba. Na farko shi ne awo da kara. Garba ba ya taɓa mota sai ya ji inda take bi. In direba ya ce Batsari yake zuwa, ko Mashi, ko Jibiya, sai a tambaye shi a wane wuri ne a hanyar motar ta fi gogar ƙasa. In wurin na kusa ne, Garba zai hau keke ya je da kansa, ya ɗora katako a kan tudun, ya tsayar da karan dawa a gefe, ya yanke shi daidai tsayin tudun. Da wannan karan za a dawo gareji. Sai an ɗaga motar, karan ya wuce ta ƙarƙashinta a tsaye har da rarar yatsa ɗaya, sannan a ce aiki ya yi. Har yau haka Yari yake yi, sai dai shi babur gare shi.

Na biyun kuwa wata magana ce da ba a furta ta. A rumfar Garba ba a ce wa mai mota ya kai ta Kano. Wai a zamanin samartakarsa ya taɓa raka wata mota can, wani bakanike ya kwaikwayi maganarsa a gaban jama'a, ya ce mutanen Katsina su tsaya ga karatunsu, ƙarfe kuwa su bar wa masu shi. Daga ranar har Garba ya koma ga Allah, babu motar da ta bar rumfarsa ta tafi Kano don ta gagare shi. Yari ya karɓi rumfar shekara talatin da ɗaya ke nan, shi ma ko sau ɗaya ba a yi ba. Duk garejin an san da haka, har da shi ake yi masa tsiya. In Sagiru mai wayarin, maƙwabcin rumfarsa, ya ji shi ya daɗe ƙarƙashin mota yana tsaki, sai ya leƙo ya tambaya ko a je tasha a kama mata wuri.

Aikin nasa kusan duk ɗagawa ne. Direbobin kasuwannin ƙauye ke kawo masa Golf, a cusa mata roba da aka yanko daga tsohuwar tayar tirela, ko a canza mata sifirin mai ƙarfi, ta fita gindi sama kamar kaza mai kiwo, sai an danƙara mata buhu goma sannan ta daidaita.

To, wata Litinin cikin bazara, ana irin zafin nan da in ka bar sifana a rana ba ta ɗaukuwa, sai ga wata jar mota mai ƙofa biyu ta tsaya a bakin garejin. Tsayawa ta yi don ba ta iya shiga. Akwai ɗan kwari a mashigar, wanda ko mai baro ba ya lura da shi, amma ita sai da aka shimfiɗa mata katako. Cikinta kamar ya taɓa ƙasa, tayoyinta sun shige cikin jiki, bambar gaba kuma duk ta goge ta ƙasa. Masu fenti da masu walda suka ajiye aiki suka kewaye ta.

Wanda ya fito daga ciki Umair ne, ɗan Alhaji Bashir na Gobarau. Alhajin tsohon ma'aikacin gona ne, Yari ya shekara ashirin yana kula masa da Fijonsa, don haka tun Umair na yaro ya san shi. Yanzu a Abuja yake aiki, can ya sayi motar, kuma haka ya same ta, mai ita na farko ya sa an kwantar da ita don gayu. Bayan an gaisa, an tambayi hanya da mutanen Abuja da zafi, Umair ya faɗi abin da ya kawo shi. A bakin lungunsu akwai tudun siminti da 'yan unguwa suka gina don kada ruwan titi ya kwararo musu gidaje. Motar ba ta iya haye shi. Kwana biyu ke nan a bakin titi take kwana. Alhaji kuwa gwiwa ta hana shi doguwar tafiya, ya ce ba zai taka har titi don ya shiga motar da ta kasa zuwa ƙofar gidansa ba. Shi kuma Umair so yake ranar Juma'a ya ɗauki mahaifinsa a cikinta zuwa masallaci.

"Amma Baba Yari, don Allah kada ta koma kamar motar Jibiya," in ji shi. "In aka ɗaga ta da yawa ta tashi daga aiki."

"To mi kake so? Ta tashi ko ta kwanta?"

"Ta haye tudun kawai. Ko da ƙyar ne."

Sai kuma ya ƙara da abin da bai san nauyinsa ba. Ya ce in aikin zai ba da wahala kada Baba ya damu, wani abokinsa ya ba shi lambar wani mutum a Kano da ya saba da irinta, har ya yi magana da mai babbar motar da ake ɗora motoci a bayanta, zai zo ranar Alhamis da ƙarfe goma in an buƙace shi. Sagiru ya yi tari, tarin da ba na mura ba. Yari bai dubi kowa ba. Ya ce babu inda za ta, Umair ya dawo Laraba bayan la'asar.

Da jama'a suka watse ya sa jak ya cire tayar gaba, sai ya tsaya. Ba abin da ya sani ba ne. Sifirin ɗin ɗan gajere ne, yana zaune a kan zobe biyu masu haƙora, zoben kuma suna kan shok mai zare kamar na noti. Babu inda za a cusa roba. Ya zagaya motar sau uku, ya cire tayar baya, ya tarar haka take. Ya sa yatsa ya bi zaren, can ya gane dabarar: zoben ƙasa kulli ne, na sama kuwa in ka murza shi ya hau, zai tura sifirin, mota ta tashi. Abin ya burge shi har ya yi murmushi shi kaɗai. Sai dai ƙura da tsatsa sun kama zoben kam, kuma a cikin sifanunsa babu wadda za ta kama haƙoran. Ya ɗauko cizal da hama, ya ɗan buga sau ɗaya a hankali, haƙorin ya lotsa. Alminiyam ne. Ya ajiye hamar da sauri kamar ta ƙone shi.

Ya aika aka sayo masa sabulun wanki, ya danna shi a jikin zoben har haƙoran suka fito raɗau a jikin sabulun. Ya jiƙa zaren duka huɗun da kananzir da man birki, ya hau babur sai Ƙofar 'Yandaka, maƙerar Babaji.

Babaji tsaransa ne, amma shi mutum ne mai sanyin jiki, kuma lokacin gyaran garma ne da fartanya, manoma sun yi layi suna jiran damina. Ya juya sabulun a hannu ya ce sai jibi. Yari ya ce gobe. Babaji ya ce ga mutane tun safe. Yari ya tuɓe riga ya zauna bakin zuga-zugi ya kama hura wa manoman wuta, yana hurawa yana kallon layin yana raguwa. Manoman suka yi ta dariya, wai yau maƙera ta samu inji. Haka aka yanko ɓallin tsohon sifirin, aka lanƙwasa shi kamar lauje da ɗan haƙori a baki. Sifanar farko da aka ƙera ta yi faɗi. Ranar Talata sai da Yari ya yi sawu uku tsakanin Ƙofar Kaura da Ƙofar 'Yandaka, a rage nan, a ƙara can, kafin sifanar ta kama zoben ta zauna daram.

Da yammacin Talatar ya ɗauki katako da kara ya nufi Gobarau. Tudun bai kai yadda ya zata ba, sai dai ya karkace, ya fi tsayi ta hagu wajen kwata. Yana tsugune yana awo sai ga wani dattijo ya taso daga dakali. Malam Hussaini ne, tsohon magini, shi ya gina tudun da hannunsa shekara shida da suka wuce, bayan ruwa ya cinye masa katangar zaure. Ya zaci an turo Yari ne ya fasa, don Umair ya taɓa kawo shawarar haka 'yan unguwa suka ƙi. Yari ya kwantar masa da hankali, ya ce shi mota yake gyarawa ta dace da hanya, ba ya gyara hanya ta dace da mota. Malam Hussaini ya ji daɗin maganar har ya riƙe masa katakon. Aka yanke karan a wurin da tudun ya fi tsayi.

Laraba tun da sassafe ya kama aiki. Ya gwada ya ga murɗa ɗaya tana ɗaga motar kamar kaurin tsinken ashana, ya auna da karan, ya ga murɗa goma sha takwas kowace ƙafa take so. Dole kuwa su zo daidai, in ba haka ba motar ta karkace. Wurin matsattse ne, sifanar ba ta zagayawa sai kaɗan-kaɗan, ga mutane ba su daina zuwa kallo da gaisuwa ba. Ya ɗiga farin fenti a haƙori ɗaya don ya san zoben ya zagayo, sannan ya ciro carbinsa ya rataye a ƙusar da ke jikin ginshiƙin rumfa. Zaren carbin ya saki da tsufa, in ka ja ƙwaya gefe sai ta tsaya a nan. Duk zagaye ɗaya, ƙwaya ɗaya. Sagiru ya ce yau kam mota ta samu albarka, ana ja mata carbi.

Ƙafafun baya suka ci masa safiya. Ta gaba ta dama ta yi gardama har azahar ta wuce. Ya kama ta ƙarshe, ta gaba ɓangaren direba, gumi na shiga masa ido, yana murzawa yana duban inuwar rumfa tana tsawo. Ya yi nisa a cikinta aka kira la'asar. Sagiru ya ƙwanƙwasa masa jak ya ce a tafi. Yari ya fito, ya wanke hannu da omo da yashi, ya yi alwala, ya miƙa hannu ya zare carbinsa daga ƙusa ya jefa aljihu, kamar yadda yake yi kullum shekara da shekaru.

Sai da aka sallame, ya gama tasbihi, ya gama tahmidi, ya yi nisa a kabbara, sannan yatsunsa suka tsaya cak. Ya dubi carbin. Babu alamar komai a jikinsa.

Tara ne ko goma sha uku? Yana tafe zuwa rumfa yana ƙoƙarin tunawa. Ya tuna wani direban Mashi ya zo gaishe shi yana kan bakwai. Bayan nan ya tuna ya sha ruwa. Sha uku ta fi zama masa a rai, amma ya san tara ma ta taɓa shiga bakinsa. Hanyar gaskiya a fili take: ya mayar da zoben ƙasa gaba ɗaya ya sake daga farko. Wannan aikin sa'a ɗaya ne da rabi, Umair kuwa na hanya. Ga Sagiru zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa, idonsa a kansa, kuma da ya ga sifana na juyawa baya zai tambayi dalili. Yari ya leƙa zaren ya gwada ƙirga layukansa, idon ya ƙi, sun yi ƙanana ga baƙin mai. Ya ce wa zuciyarsa sha uku ne. Ya ƙara biyar ya kulle.

Aka sauke motar. Ƙasar gareji ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, don haka da ido ba ka ganin komai. Ya tura karan ta dama, ya wuce da rarar yatsa. Ta hagu kuwa bai gwada ba, don ba ya son jin abin da karan zai gaya masa.

Umair ya zo ya zagaya ta, ya ja da baya ya hango ta daga nesa, ya ce ta ɗan tashi amma ba ta ɓata ba. Ya shiga ya ja, Yari na biye da shi a babur, Sagiru ma ya ce ba za a ba shi labari ba, ya hau nasa. A bakin lungun mutane sun fito shan iska. Can ciki ana hango Alhaji Bashir a kan kujera a ƙofar gidansa, sanda a gefe. Umair ya saita motar, ya taka a hankali. Tayoyin gaba suka hau suka sauka. Sai aka ji ƙarar, doguwa, ƙarfe na gogar siminti ta ɓangaren direba, motar ta tsaya tudun na tokare da cikinta.

Sai da majiya ƙarfi huɗu suka ɗan ɗaga ta sannan ta koma da baya. Umair ya kwanta ya leƙa, ya tashi yana kakkaɓe riga. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Cewa ya yi Baba ya yi ƙoƙari, irin motocin nan sai da na'ura, ya ciro waya ya koma gefe. Yari na tsaye yana jin sa yana cewa gobe ƙarfe goma, a bakin titin Gobarau. Sagiru ya kau da kai. Ya tada baburinsa ya tafi.

A gida Yari ya kasa cin tuwo. Ya fita zaure ya dawo, ya duba awaki, ya gyara murfin randa da ba abin da ya same shi. Safiya ta bar shi sai da ya gaji da kai-kawo, sannan ta tambaya. Ya gaya mata duka, har carbin. Ta ce to ai motar ba ta gagare shi ba, kunyar Sagiru ce ta gagare shi, ya je ya faɗa wa masu mota abin da ya faɗa mata. Ya ce da girmansa. Ta ce da girmansa ya yi, da girmansa zai faɗa.

A masallacin lungun ya yi sallar asuba, jak da sifanu ɗaure a bayan babur. Da gari ya ɗan yi haske ya yi sallama a zauren Alhaji Bashir. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gwiwa da iyali da zafin bana, Yari na durƙushe yana jin kamar ƙasa na cizonsa. Da Umair ya fito sai ya faɗa musu kai tsaye.

"Alhaji, ba na'ura motar nan take so ba. Ni na ɓata ƙirga. Da carbi nike ƙirga murɗa, na ɗauke shi na tahi salla da shi. Na dawo ban san inda na tsaya ba, na yi kintace, ban kuwa hwaɗa ma kowa ba."

Alhaji ya dube shi, sannan kafaɗunsa suka fara rawa da dariya. Ya ce shekara ashirin Yari na riƙe da Fijonsa bai taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ashe sai ya tsufa zai ji. Umair bai yi dariya ba. Ya ce mai ɗaukar motar ya riga ya taso.

"Ka ba ni zuwa goman," in ji Yari. "In ba ta haye ba, ni da hannuna zan taya ku ɗora ta."

Umair ya dubi mahaifinsa. Alhaji ya ce a ba shi makulli.

A bakin titi, a kan kwalta inda ƙasa take daidai, ya kafa jak. Ya ce tunda ya yi kintace a ɗaya, sauran ukun ma bai yarda da su ba, duka zai mayar ƙasa ya sake. Malam Hussaini, da ya fito da butarsa ya tsaya kallo, shi aka ba ƙirga. Ya kawo kwanon sha da tsakuwa goma sha takwas, ya zauna a kan bulo. In farin ɗigon ya zagayo Yari ya ce ɗaya, sai ka ji ƙwal a cikin kwano. Wanda duk ya zo gaisuwa, Malam Hussaini ne ke amsa masa da hannu, ya nuna masa ya wuce.

Da aka zo ƙafar direba, wajen saukar da ita aka ƙirga. Goma sha huɗu ce. Ashe tara ya tsaya jiya. Yari ya goge fuska da hannun riga ya ci gaba.

Zoben sun riga sun saki, aikin ya fi na jiya sauri, amma rana ma sauri take. Ƙarfe tara da rabi babbar motar ta iso ta faka a gaba, direbanta ya sauko, wani ƙaton Bakano mai fara'a. Ya tsaya a kan Yari yana kallon sifanar Babaji, ya tambaya a ina ake sayar da irinta. Aka ce masa ƙera ta aka yi a nan. Ya ce to, ya koma wajen mai shayi, ya ce a kira shi in an gama wasa. Sagiru ma ya iso, ba wanda ya kira shi, ya durƙusa ya kama ɗaure tayoyi ba tare da ya yi tsiya ko ɗaya ba.

Goma saura 'yan mintoci tsakuwa ta ƙarshe ta faɗa kwano. Yari ya kulle zoben, aka sauke jak. Ya sa Umair ya shiga ya zauna a mazaunin direba, sannan ya kwanta a kan kwalta ya tura karan ta dama, ya zagayo ya tura ta hagu. Ya wuce, da rarar yatsa, ko ƙasa da haka kaɗan.

Umair ya saita ta. Yari ya tsuguna a gefen kwata, kuncinsa kusan a ƙasa, yana yi masa alama da hannu. Tayoyin gaba suka hau suka sauka. Cikin motar ya bi ta saman simintin, haske siriri na tsakaninsu, har tayoyin baya suka hau. Ba a ji komai ba sai ƙugin inji. Ta gangara cikin lungun ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji.

Mutane suka fara barka, amma Yari ya ce ba a gama ba, ai da mutum biyu za ta fito gobe. Shigar da Alhaji ma aiki ne. Sai da aka riƙe shi ta hammata aka saukar da shi cikin kujerar a hankali, yana cewa shi dai bai taɓa shiga mota ya ji kamar a tabarma yake zaune ba. Umair ya juya a filin gaban masallacin lungun ya sake nufo tudun. Wannan karon hasken da ke tsakanin ƙarfe da siminti bai fi kaurin takarda ba. Yari ya riƙe numfashi. Ta wuce.

Umair ya fito ya je wajen mai shayi, suka yi magana da Bakanon, suka yi musabaha. Babbar motar ta juya ta kama hanya, bayanta wayam. Sagiru ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya ce wa Yari a hankali, shi fa daman bai kama mata wuri a tasha ba.

Yari na haɗa sifanunsa Malam Hussaini ya matso yana zubar da tsakuwar kwano. Ya yaba aikin ƙwarai. Sannan ya ce abin da ya sa ma ya ji daɗi da aka gama yau, ranar Asabar 'yan unguwa za su ƙara wa tudun siminti, don bara ruwa ya ɗan tsallako, bana kuma an ce damina za ta yi ƙarfi.

Yari ya ajiye jakar kayan. Ya tambaya nawa za a ƙara. Malam Hussaini ya nuna yatsu uku a kwance.

"Ukku? Malam, zaren da ya rage ma motar nan bai wuce na yatsa ɗaya ba."

"Ruwa bai san da zarenka ba, Yari."

"Ku zurfafa kwatar mana. In kwata ta yi zurfi, mi zai kai ruwa bisa tudu?"

Malam Hussaini ya ce kwatar ba tasu ba ce. Yari ya ce amma shebur nasu ne. Umair na kiran sa ya shigo ga koko da ƙosai an kawo, Alhaji na kiran sa daga cikin mota a zo a fitar da shi, shi kuwa ya riga ya naɗe ƙafar wando ya dira cikin kwatar, yana caka ƙasanta da sifana yana nuna wa tsohon magini inda yashi ya cike ta. Malam Hussaini ya tsuguna a baki yana girgiza kai, ya ce to, yatsa biyu. Yari ya ce ɗaya, kuma ranar Asabar shi zai zo da shebur ɗinsa.